Ciwon Kai da na Muƙamuƙi Lokacin Jinyar Kansa: Tsakanin Ƙwayar Kemis, Tsumman Ɗumi da Ruwan Morfin

Mai fama da ciwon daji 'yan sa'o'i kawai yake yi a gaban likita, sauran kwanakin kuwa a gida yake yin su, a hannun matarsa ko 'yarsa ko ƙaninsa. Wanda ake yi wa ƙarin ruwan maganin kansa, wato kemo, sau da yawa sai bayan mako uku yake komawa asibiti, kuma idan daga wani ƙauyen Jigawa ko Zamfara ya taso zuwa Shika ko Sakkwato ko Abuja, ba zai yiwu ya kama hanya da tsakar dare don kansa ya sara ko muƙamuƙinsa ya riƙe ba. Saboda haka a tsakar gida ake yanke hukuncin abin da za a yi, kuma mai jinya yakan tsinci kansa tsakanin aika yaro kemis, da ɗora tsumman ruwan ɗumi, da kiran wanzami, da buɗe kwalbar ruwan morfin da likita ya bayar wadda kowa a gidan yake tsoronta. A ganina, yadda muka saba jera waɗannan abubuwa a juye yake, domin abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi shi ne ya fi yin ɓarna ga mai kemo, wanda ake gudu kuwa sau da yawa shi ne mafi aminci.

Kafin a kwatanta magunguna, wajibi ne a san daga ina ciwon ya fito, domin ciwon kai da na muƙamuƙi a wannan hali iri-iri ne. Akwai maganin kemo da ake rubutawa vincristine a katin asibiti, wanda yake taɓa jijiya, har majinyaci ya ji muƙamuƙinsa yana zogi kwana ɗaya ko biyu bayan allurar farko, kamar haƙoransa duka sun kamu, alhali lafiyarsu ƙalau. Irin wannan yakan lafa da kansa cikin 'yan kwanaki. Ana ba da shi ga yara masu kansar jini da masu kumburin muƙamuƙin nan da likita Denis Burkitt ya yi bayaninsa a Yuganda a 1958, wanda har yau ake gani a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Maganin hana amai da ake rubutawa ondansetron shi ma yana sa ciwon kai da taurin bayan gida. Wanda aka yi wa allura a gadon baya yakan ji kansa yana sarawa idan ya zauna, ya kuma ji sauƙi da zarar ya kwanta. Wanda ake gasa wa kai da wuya da na'ura, wato a haska wa wurin kansar haske mai ƙona ta, kwana biyar a mako har tsawon mako shida ko bakwai, bakinsa yakan fara salewa daga mako na biyu ko na uku, miyau ya ƙafe, taunawa ta zama aiki. Ga kuma ƙananan dalilai da ake mantawa da su, irin su ƙarancin ruwa a jiki bayan amai, da ƙarancin jini, da cizon haƙora cikin barci saboda damuwa. Har ma dattijon da ya shekara talatin yana cin goro, idan ciwon baki ya raba shi da shi farat ɗaya, zai yi kwanaki kansa yana ciwo, kuma kofin shayi mai ɗumi-ɗumi yana iya warware wannan.

Na koyi darasi na farko a jinyar ƙanin mahaifina. A dare na tara bayan kemo na biyu ya tashe ni, ya dafe gefen kansa, ya ce, “Miƙo mini fanadol ɗin nan, kaina zai rabe.” Har na ɓallo ƙwaya biyu, sai na tuna da abin da wata ma'aikaciyar jinya ta nanata mini ranar da aka sallame mu, na ce, “Baffa, bari mu fara auna jikinka tukuna.” Ya yi tsaki, ya ɗaga hammata. Na haska fitilar waya a kan ma'aunin, na ga 38.4. Da na taɓa goshinsa da bayan hannu ban ji wani zafin kirki ba, kuma da na ba shi ƙwayar, da zufa ta karyo masa, ya yi barci, mu ce an samu lafiya. Da asuba muna asibiti, inda gwajin jini ya nuna garkuwar jikinsa ta faɗi warwas, aka ɗaura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, likitan kuma bai ɓoye mini ba cewa jiran asubar ma ganganci ne.

Dalilin wannan shi ne kemo yana rage fararen ƙwayoyin jini, kuma sukan kai ƙarshen faɗuwa tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan ƙarin ruwan. A wannan tsakani zafin jiki da ya kai 38 a ma'auni lamari ne na gaggawa, ko da majinyaci yana zaune yana hira, kuma kuskure ne babba a ɗauka cewa maleriya ce a sayo maganinta a sha a gida. Farasitamol, wato fanadol, da danginsa duka suna rufe zazzaɓi, don haka ma'aunin zafin jiki, wanda kuɗinsa bai kai na zuwa asibiti sau ɗaya ba, shi ne ke gaba da kowace ƙwaya.

Idan an auna an ga babu zazzaɓi, farasitamol ne zaɓin farko ga ciwo mai sauƙi ko matsakaici, saboda ba ya cin ciki, ba ya hana jini tsayawa, kuma ba ya takura ƙoda yadda sauran magungunan ciwo suke yi. Babban mutum mai nauyin da ya haura kilo 50 yana iya shan giram ɗaya, wato ƙwaya biyu masu miligiram 500, kowace sa'a shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a yini da dare. Amma masu jinyar kansa da yawa sun rame sun gaza wannan nauyi, wasu kuma suna ɗauke da ciwon hanta, wanda ba baƙo ba ne a ƙasarmu, kuma waɗannan dole likita ya rage musu adadin. Yaro da nauyinsa ake auna masa, ba da shekarunsa ba. A kuma duba kwalin maganin mura kafin a haɗa, domin galibinsu akwai farasitamol a ciki, sai mutum ya ninka adadin bai sani ba. Rauninsa a fili yake: ba ya iya wa ciwon jijiya sosai, kuma bakin da gashin na'ura ya sale ya fi ƙarfinsa.

A nan ne jarabawar take, domin idan farasitamol ya gaza, sai a koma wa mai kemis a ce a ba da “mai ƙarfi”, shi kuma ya ƙulla ƙwaya uku ko huɗu a leda ba tare da kwali ba. Abin da ke cikin ƙullin bai cika wuce ibufurofen, da dikulofenak, da firoksikam da aka fi sani da Felvin ba, wani lokaci kuma a haɗa da garin Alabukun, wanda asfirin ne da sinadarin da ke cikin goro da kofi. Gaskiya ne waɗannan sun fi farasitamol aiki a kan ciwon gaɓar muƙamuƙi da na haƙori da na ƙashi, kuma ga mai lafiya da ya yini a gona ba laifi ba ne ya sha na kwana biyu. Ga mai kemo kuwa haɗarinsu ya zo ta fuska da yawa a lokaci guda. Kemo yana rage ƙwayoyin da suke tsayar da zubar jini, waɗannan magunguna kuma suna raunana ɗan abin da ya rage, sai a ga haɓo ya ƙi tsayawa, ko dasashi yana jini, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta. Wanda ake ba cisplatin, wanda shi ne aka fi haɗawa da gashin na'ura a kai da wuya, ƙodarsa tana cikin wahala tun asali, kuma ƙara mata dikulofenak a lokacin da yake amai bai sha ruwa ba yana iya durƙusar da ita. Wanda ake ba methotrexate, waɗannan ƙwayoyi suna hana maganin fita daga jiki da wuri, sai gubarsa ta ƙaru. Wanda yake shan deksametason ko firedinisolon kuma, haɗa su da waɗannan hanya ce ta gyambon ciki. Ba a hana su kwata-kwata ba, domin akwai lokacin da likita zai duba sakamakon jini da na ƙoda ya rubuta ibufurofen na 'yan kwanaki, amma wannan hukunci ne na wanda takardar gwaji take gabansa. Asfirin kuwa ba a ba wa yara shi ko da ba su da kansa.

Dabarun hannu ba su da irin wannan haɗari, sai dai kowace tana da wurinta, kuma ana yawan musanya ɗumi da sanyi. Ɗumi ya fi dacewa da ciwon da ya fito daga ɗaurewar nama, wato wanda ake ji a gaban kunne da gefen kai da bayan wuya, wanda yake ƙaruwa da safe ko bayan tauna. Ana jiƙa ƙaramin tawul a ruwan da gwiwar hannu za ta iya jurewa, a matse, a ɗora na minti 15 zuwa 20, sannan a bi da tausa a hankali da kan yatsu. Sanyi ya fi dacewa da ciwon kai mai bugawa kamar ganga, inda ake naɗe ledar ruwa mai sanyi a cikin tsumma a ɗora a goshi, a ɗakin da aka rage haske da hayaniya. Akwai mutum biyu da wannan rabo bai hau kansu ba. Na farko shi ne wanda ake gasa wa wuri da na'ura, domin fatar da hasken ya bi ba ta son zafi kuma ba ta son ƙanƙara, balle man zafi irin su Robb, kuma ba a shafa mata komai sai abin da sashen gashin ya amince da shi. Na biyu shi ne mai kansar hanji da ake ba oxaliplatin, wanda sanyi yake tayar masa da ciwo na kwanaki bayan kowane ƙarin ruwa, har ya ji muƙamuƙinsa ya ƙage a lomar farko, maƙogwaronsa kuma ya shaƙe idan ya kurɓi ruwan firji. Shi komai nasa mai ɗumi ne, kuma a lokacin hunturu rufe baki da wuya da rawani ko mayafi yana taimaka masa.

Idan ciwon daga salewar baki yake, kurkura ta fi kowace ƙwaya amfani a farkon lamari. Ana zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ƙaramin cokali ɗaya na bakin soda, wato farar hodar da ake sa wa cincin da kek, a cikin lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a riƙa kurkurawa ana zubarwa bayan kowane abinci da kafin kwanciya, a kuma haɗa sabo kullum. Kanwa ba ta maye gurbin bakin soda, domin ƙarfinta ba a aune yake ba, kuma tana iya ƙona bakin da ya riga ya sale. Haka ma ruwan kurkure baki na kanti mai barasa a ciki, da kanumfari da ake cusawa a kogon haƙori, wanda yake kashe zafi na ɗan lokaci amma ya bar ƙuna a dasashi. Zuma ta fita daban, domin masana kula da masu kansa sun yarda tana rage salewar baki ga waɗanda ake gasa wa kai da wuya, da sharaɗin ta kasance mai tsabta, a kurkure baki daga baya saboda busasshen baki yana saurin ruɓar da haƙori, mai ciwon suga kuma ya nemi izinin likita. Asuwaki mai tauri a ajiye shi a koma ga buroshi mai laushi irin na yara. A ɓangaren abinci, kunun gyaɗa da alale da faten dankali da tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ko kuka suna wucewa ba tare da tauna ba, matuƙar an cire yaji an bar su sun huce, amma kunun tsamiya da zoɓo da lemon tsami suna yi wa gyambon baki raɗaɗi. Nonon da ba a tafasa madararsa ba shi ma a dakata da shi har jini ya farfaɗo.

Game da wanzami maganar gajeriya ce. Ƙaho da tsaga da sakiya duka buɗe fata ne, kuma buɗe fatar mutumin da jininsa ba ya tsayawa, garkuwarsa kuma ta faɗi, ba abin da za a yi gwaji da shi ba ne. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba suna ƙara wa hanta da ƙoda nauyi a lokacin da suke fama da kemo. Addu'a da tofi ba su ci karo da kowane magani ba, kuma majinyacin da hankalinsa ya kwanta ya fi samun barci.

Sai maganin da ake tsoro. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin hawa uku na kashe ciwon kansa, wanda ya fara da irin su farasitamol, ya bi ta kan magunguna masu matsakaicin ƙarfi kamar kodin da tiramadol, ya ƙare a morfin, tare da ƙa'idar cewa a sha ta baki, kuma a kan lokaci, ba sai ciwo ya taso ba. A ƙasarmu waɗannan sunaye sun ɓaci saboda shaye-shayen matasa, har gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, kuma iyali da yawa suna jin kunyar a ga tiramadol a ɗakin mahaifinsu. Idan aka ajiye kunyar aka kwatanta biyun, tiramadol ya fi sauƙin samu, amma yana da iyakar da ba a wucewa, wato miligiram 400 a yini, yana yawan sa jiri da tashin zuciya, yana iya tayar da farfaɗiya ga wanda ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwarsa, ba a ba wa yaron da bai kai shekara 12 ba, kuma na kasuwar bayan fage ba a san abin da ke cikinsa ba. Ruwan morfin kuwa ana farawa ne da ɗan kaɗan, a ƙara a hankali gwargwadon ciwo, kuma kasancewarsa ruwa ya sa ya dace da wanda ba ya iya buɗe baki ko haɗiye ƙwaya.

Ranar da aka rubuta wa Baffa shi, a mako na biyar na gashin na'ura, matarsa ta ja ni gefe ta ce, “Wannan ba shi ne wanda ake ba wa wanda aka cire rai da shi ba?” Na nuna mata yadda ake zuƙo shi da sirinji marar allura daidai layin da aka yi mana alama, a ɗiga a gefen kunci kowace sa'a huɗu, muka kuma rubuta lokutan a bayan kalanda. Ya yi kwana biyu yana gyangyaɗi, a na uku ya shanye kofin kunu ba tare da ya runtse ido ba. Makonni kaɗan bayan an gama gashin bakinsa ya warke, likita ya riƙa rage masa har aka daina. Gyangyaɗi da tashin zuciya sukan wuce cikin 'yan kwanaki, amma taurin bayan gida ba ya wucewa, don haka ana fara maganin sassauta ciki tun ranar farko, irin ƙwayar sena da ake yi daga dangin filasko, wadda ta fi jiƙon ganyen saboda adadinta a aune yake. Mai ciwon ƙoda sai an rage masa morfin, wanda barcinsa ya yi nauyi har aka kasa tashinsa ko numfashinsa ya ja baya sai a garzaya da shi asibiti, kwalbar kuma a kulle ta inda yara da samarin gida ba za su kai ba. Abin da ban ga amfaninsa ba shi ne kiran mai allura gida ya yi fentazosin duk lokacin da ciwo ya tashi, domin aikinta gajere ne, tana rage ƙarfin morfin idan an haɗa su, kuma soka allura a tsokar mai ƙarancin ƙwayoyin tsayar da jini yana tara jini a wurin.

Ciwon da yake zuwa kamar jan wutar lantarki ko ƙuna ko tsira allura na jijiya ne, kuma ya fi jin magunguna irin su amitiriftilin da gabafentin, waɗanda likita ne yake rubuta su, kuma sukan ɗauki kwanaki kafin a ga aikinsu.

Akwai matsalar da babu ƙwayar da take maganinta, wato ƙagewar muƙamuƙi bayan gashi, wadda take sanɗowa a hankali, wani lokaci watanni bayan an gama. Gwajinta a gida mai sauƙi ne: majinyaci ya jera yatsunsa uku a tsaye ya gwada shigar da su tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Likitoci suna ɗaukar buɗewar da ba ta wuce milimita 35 ba a matsayin ƙagewa. Motsa muƙamuƙi sau da yawa a yini, ta hanyar buɗe baki iyakar iyawa a riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, da karkata haɓa dama da hagu, ya fi sauƙi a fara shi tun kafin bakin ya rufe, kuma ya fi daɗin yi rabin sa'a bayan an sha maganin ciwo. Haka kuma duk wanda aka gasa wa muƙamuƙi, ko ake yi wa allurar ƙarfafa ƙashi da ake rubutawa zoledronic acid, wadda ake ba masu kansar nono da ta mafitsara idan ta kai ƙashi, kada ya yarda a cire masa haƙori ba da sanin likitan kansarsa ba, ko da shekaru sun wuce, domin ramin yana iya ƙin warkewa har ƙashin ya mutu.

Wasu alamu kuma suna fitar da lamarin daga hannun mai jinya gaba ɗaya. Ciwon kan da ya sauko farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, da wanda yake tashin mutum da asuba tare da amai, da wanda ya zo da sanƙarewar wuya ko ruɗewa ko gani biyu-biyu ko jijjiga ko mutuwar ɓarin jiki, duka na asibiti ne a wannan sa'ar. Haka ma kumburin fuska mai zafi, da ƙashi da ya bayyana a cikin baki, da ƙuraje masu ruwa a ɓari ɗaya na fuska, da kasa haɗiye ruwa na tsawon yini. Ciwon muƙamuƙin da ya zo da nauyin ƙirji da zufa yana iya zama na zuciya, musamman ga mai shan ƙwayar capecitabine. Ga wanda gidansa yake nesa da asibitin da ake yi masa kemo, babban asibiti mafi kusa ya isa a fara zuwa, da katin da ke ɗauke da sunayen magungunan da ranar ƙarin ruwa na ƙarshe, domin likitan da zai karɓe shi da dare ya san kwana nawa ke nan da yin kemon.